Ƙuduji a Gonar Keziah

Shafi na 31

Masu cika mini waya da "ina Keziah, ina Keziah", ga ta nan, sai ku bar ni in sha ruwa. Ita kuma baiwar Allahn nan da ta rantse ba za ta ƙara karantawa ba tunda na kashe Baba Markus, na gan ki, ke kika fara zuwa tambaya.

Muna nan dai a Zuru, daminar 2006.

*

Keziah ba ta ko leƙa hostal ba. Tana sauka daga mashin ɗin da ya kawo ta daga tasha ta miƙa wa Chioma jakarta, ta nufi gonakin gwaji da ke bayan kwalejin, baƙin ɗankwalin makokin mahaifinta har yanzu a kanta.

Chioma, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya, ta biyo ta tana jan jakar tana haki.

"Kezi, ki sha ruwa tukuna mana. Gonar ba guduwa za ta yi ba."

"Ruwan ma ba guduwa zai yi ba."

Kada ku ga laifinta. Binciken da za ta gama kwaleji da shi a kan ƙuduji yake, ciyawar nan mai jan fure da ke manne wa saiwar dawa ta shanye ta. Kowane manomi tsine masa yake yi, ita kuwa tun farkon damina take kiwonsa da gangan. Gefe guda na gonar dawa zalla, ɗaya gefen dawa da wake a tsakani, don a ga inda zai fi fitowa. Ranar Litinin Malam Philip, malamin da ke duba aikinta, zai zo ya gani da idonsa. In babu ƙuduji babu bincike, in babu bincike sai maimaita shekara. Wanda kuma yake ɗauke da karatun nata, ga shi daga rufe shi ta dawo. Yau Asabar.

Tana isa ta ja ta tsaya.

Ta duba allon da ke ɗauke da sunanta. Ta duba gonar. Ta matsa zuwa gonar gaba, ta dawo.

"Chioma, wagga gonata ta?"

"Ga sunanki nan a allo."

Gona ta yi tas. An nome ta, an tayar da kunya, dawa sai kaɗawa take yi tana sheƙi. Ko jan fure ɗaya babu.

"Sannu da zuwa."

Daga gindin ɗorawar da ke bakin gonar muryar ta fito. Mika ne zaune a kan saiwa, garma a gefensa, ƙafafunsa duk laka, yana murmushin mutumin da ke jiran godiya. Shi ne saurayin da ke yi wa Baba Markus golmo, noman da saurayi da tsararrakinsa kan yi wa uban yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita.

"Mika, mi ya kawo ka nan?"

"Aiki." Ya nuna gonar da haɓa. "Tun da asuba munka shigo ta bayan rahi, ni da abokan golmo. Sun tahi cikin gari neman abinci. Yaya kinka gani?"

"Ina ƙudujina?"

Ya yi dariya.

"Naki? Ai ko ɗaya ba mu bari ba. Ban taɓa ganin gonar da ya kama haka ba, Keziah, har kunya ta kama ni gaban mutane. Munka tuge shi sarai, munka tara munka sa mai wuta, kada iri shi zuba."

Ya nuna tarin toka a bayan allon.

Chioma ta saki jakar a cikin laka. "Wayyo Yesu," ta ce a hankali.

Keziah ta je ta tsuguna, ta sa hannu a tokar. Da sauran ɗumi. Da motar garinsu Dirin Daji ta cika da wuri, da ta same su suna tsakiyar aikin.

"Ka san abin da ka ƙone?"

"Ciyawa."

"Karatuna ka ƙone, Mika. Duk shekarun da na yi a makarantar ga, ga su nan."

Murmushin ya fara zamewa daga fuskarsa.

"Ban gane ba."

"Shi anka sa ni in karanta. Shi malam za ya zo dubawa jibi."

"A karanta ƙuduji? Mi za a karanta gare shi? Mugun abu na, ko jariri ya sani."

"Wa ya aike ka?"

"Keziah, ki tsaya..."

"Wa ya nuna maka gonar? Wa ya ce ka taɓa mini abu? Kana da baki, ina gida muna zaman makoki tare, kullum kana gaishe ni. Ba ka iya tambaya?"

Ya sunkuyar da kai yana kankare laka daga bakin garma da farce.

"Da kai nike magana."

"An ce kada in hwaɗi."

"Wa ya ce?"

Ya ci gaba da kankare garmar.

"Mika, in ba ka hwaɗa mini ba, ka ɗauki garmarka, golmon ya ƙare yau."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Baba."

Chioma ta kai hannu ta riƙe kafaɗar Keziah, ita kuwa ta ture hannun.

"Wane Baba?"

"Naki. Kin tuna ranar da ya zo Zuru batun fansho, ya biyo ya ga gonar?"

Ta tuna. Tsohon soja ya tsaya a bakin gonar da sandarsa, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to. Ashe ko ɗaya bai shiga ba.

"Da jikin ya matsa mai, ya kira ni," in ji Mika. "Yac ce, Mika, yarinyar ga karatu ya yi mata yawa, gonarta ta mutu da ƙuduji, kunya ta sa take ƙaga mini dalili. Yac ce golmon bana kada ku yi shi gonata, ku tahi ku yi mata. Yac ce kada in hwaɗa maki, in bari ki gani da idonki ki yi murna." Ya ajiye garmar gefe. "Maganar da ya yi mini ta ƙarshe ke nan. Ni in ƙi?"

Keziah ta zauna daɓas a kan tokar.

Wannan ya fi ƙona ta nesa ba kusa ba. Ɗazu tana da wanda za ta yi fushi da shi, yanzu an ƙwace mata shi. Ta so ta yi kuka, sai ga dariya mara daɗin ji tana fitowa.

"To ai na gani, Baba," ta ce. "Na yi murna."

Mika ya kasa zama. Ya je ƙarshen gonar ya dawo, ya sake komawa. Mutumin da ya saba gyara komai da hannunsa, yau hannun ne ya yi ɓarna.

"Akwai shi gonar kawuna, hanyar Dabai," ya ce. "Jawur. In tugo maki buhu guda in dasa."

"Ba a dasa shi. Jikin saiwar dawa yake rayuwa, kana cire shi ya mutu."

"Nan take?"

"Da rana ta ɗaga zai yi yaushi."

Ya juya ga Chioma. "Malamin da wane lokaci yake zuwa?"

Chioma ta kalli Keziah, ta kalli ƙasa. "Da sassafe yake zagayawa."

"Wane gehe ya hi yawa kahin mu tuge?"

"Na gabas, inda babu wake."

Keziah ce ta amsa. Maganar ta riga ta fita kafin ta kama ta.

Mika ya saɓa garmarsa. Ya ɗan dakata yana kallonta. Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ya bi hanyar rafi ya tafi.

*

Lahadi ta zo mata kamar an zuba mata ƙaiƙayi a riga. Ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Ta share ɗakin, ta sake sharewa. Ta fita bakin ƙofar kwaleji wurin mai waya a ƙarƙashin lema, ta ba shi lambar wani mai shago da ke maƙwabtaka da kawun Mika, don a ce wa Mika ya bari. Yana cikin dannawa ta ce ya dakata, ta juyo.

Chioma tana kallonta daga kan gado.

"Kezi, kina sa ni jiri. Ki zauna."

"Ba na iyawa."

"To ki yi addu'a mana. Ke da ko allura ta ɓace sai kin tara mu."

Gaskiyar Chioma ce. A Zumuntar Ɗalibai Kirista ta kwalejin, Mama Addu'a ake kiran Keziah. Lokacin jarrabawa ƙofar ɗakinsu kamar asibiti, wannan ya shiga da kuka ya fito yana share ido, wancan ya shiga.

"Ban yi ba tun ranar da Baba ya rasu."

Chioma ta miƙe zaune.

"Ko sau ɗaya?"

"Ina durƙusawa a gida don Mama ta gani. Bakina na motsi, babu komi ciki." Ta jingina da bango. "Na yi azumi, Chioma. Ban roƙi ya rayu har abada ba. Cewa na yi a bar mini shi ya ga na gama. Anka ɗauke shi. Bai isa ba, sai da anka bi ta bakinsa anka ƙone gonar. In durƙusa in ce mi? In ce na gode?"

Chioma 'yar mai shagon kayan mashin ce a kasuwar Zuru, ba ta iya zaƙin baki ba, kuma ba yau za ta koya ba.

"Ni ban san abin da za ki ce ba. Na dai san lokacin da na sake faɗuwa kemistiri na haɗa akwati zan koma shagon babana, ke kika hau kan akwatin kika zauna kina addu'a har na gaji na kwanta. Ba na jin rabin abin da kike faɗa. Haushinki ma nake ji. Amma ban tafi ba."

"Wannan daban."

"Duk wanda abu ya sama haka yake cewa."

Keziah ta ce, "In ke ce, mi za ki yi gobe?"

"In ni ce? Shiru zan yi. Ba ni na dasa ba, ba ni na tuge ba. In karɓi sa hannu in tafi in riƙe mamana da ƙannena." Ta ɗaga kafaɗa. "Amma ni ina iya barci bayan haka. Ke ban sani ba."

Da la'asar Chioma ta ja ta zuwa zumunta, a ajin da suke taruwa. Keziah ta zauna can baya kusa da taga don kada a gan ta. Ina fa. Godswill, shugaban zumuntar, mutum ne da ba ya ganin wanda ke ɓuya ya ƙyale shi.

"'Yan'uwa, Ubangiji ya dawo mana da Mama Addu'a. Ku dubi yadda ta tsaya daram cikin wannan gwaji. 'Yar'uwa Keziah, zo ki rufe mana da addu'a, mu ma mu samu irin ƙarfin nan."

Aka yi tafi. Ta so ƙasa ta tsage.

Ta fita gaba. Kowa ya rufe ido. Ta buɗe baki.

"Ubangiji."

Shi ke nan. Fankar da ke sama tana ta ƙara, wani ya gyara zama, wata ta buɗe ido ɗaya ta leƙa.

"Ubangiji, ina fushi da kai."

Wani ɗan aji ɗaya da ya saba amsawa ba tare da saurare ba ya ce, "Amin." Na kusa da shi ya zungure shi. Godswill ya yi tari.

"Ina fushi da kai, kuma ban da wani wurin zuwa." Hawayen da suka ƙi zuwa a gona suka zo yanzu. "Ban san abin da za ni yi gobe ba. Kada ka bar ni ni ɗai cikin gonar can. Iyakar abin da nike da shi ke nan."

Ta koma ta zauna. Ba wanda ya san ko an gama, sai da Chioma ta ce amin da ƙarfi sannan aka buɗe ido.

In kuna jira in ce muku ta ji sanyi a ranta, ba ta ji ba. Zuciyar tana nan tana dukan uku-uku. Abu ɗaya ne ya canza, ta ci abinci da yamman nan, karo na farko tun dawowarta.

*

Litinin ta waye da laima, an sha ruwa kafin asuba. Keziah ta fito tun ɗalibai ba su fara layin famfo ba, Chioma a bayanta. Duk hanya tana fatan Mika ya fasa, tana kuma tsoron ya fasa.

Bai fasa ba.

Gonar ta yi jawur. Gefen gabas ya cika maƙil, gefen wake nan ɗaya can ɗaya, daidai yadda ya kamata binciken ya nuna. Ruwan sama ya shafe sawun ƙafa, ya daddale ƙasar gindin kowane tsiro. Mika manomi ne na gaske, ko ƙarya zai shuka sai ta yi kyau.

Yana can bayan ɗorawa, ya jiƙe sharkaf, ya naɗe buhun ya danne a hammata.

"Ya yi?" ya tambaya da raɗa.

Sai ga Malam Philip nan tafe, yana tsallake taɓo da takalminsa mai sheƙi, yana ɗage ƙafar wando. Mutum ne mai son aikinsa, amma ya fi son takalmin nan. A bakin gonar ya tsaya inda ciyawa ta rufe laka.

"Keziah. Ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana."

"Amin, Malam. Na gode."

Ya gyara tabarau ya dubi gabas, ya dubi yamma, fuskarsa ta washe.

"Kin ga abin da nake faɗa wa 'yan ajinku. Yarinya ta yi rashi, ta tafi, ta dawo, aikinta bai nuna ba. Dubi bambancin nan, ko makaho ya shafa zai gane. Ba sai na shiga ba." Ya juya zai wuce gonar gaba. "Kin wuce wannan. Ki same ni ofis in sa miki hannu, ki fara rubutu."

Chioma ta saki numfashin da ta riƙe. Ta matse hannun Keziah, ma'ana mu tafi, mu tafi yanzu.

Ƙafar Keziah ta ƙi ɗagawa.

Ga mamanta, ga ƙannenta, ga shekara guda da aka miƙo mata a tafin hannu. Abin da ake nema gare ta kawai ta yi shiru, kuma ta iya, shekaranjiya ma ta yi. A ranta ta ce, na ce kada ka bar ni. Ba ta ji an amsa ba.

"Malam."

"Kezi," in ji Chioma ta cikin haƙora.

Malam Philip ya waiwayo.

Keziah ta shiga cikin lakar, ta sunkuya, ta kama ƙuduji ɗaya da yatsu biyu. Ko ja ba ta yi ba ya biyo hannunta. Ta kawo masa.

Ya karɓa. Ya juya gindin, ya ga inda aka tsinke shi. Sai ya manta da takalmi, ya faɗa cikin gonar, ya zare wani, ya zare wani, ya zare wani. Duk haka suke.

Da ya fito, muryarsa ta sauka ƙasa, wadda ɗalibansa suka fi tsoro.

"Kin san sunan wannan a dokar makaranta? Ba maimaita shekara ba ne. Kora ce."

"Na sani, Malam."

"Wa ya dasa?"

"Ni na, ranka shi daɗe." Mika ya fito daga bayan ɗorawa, ya jefar da buhun a gabansa. "Ni na tuge na gaskiyar bisa rashin sani, ni na dasa wanga. Ita ba ruwanta. In kamu za a yi, ga ni."

Malam Philip bai ko dube shi ba.

"Ba ka cikin ɗalibaina, ba ni da abin da zan yi da kai. In ba ta sani ba, zan iya tsaya mata a gaban kwamiti." Ya cire tabarau ya kafe ta da ido. "Wanda bai san binciken nan ba, ba zai san gefen da zai cika ba. Keziah, ke da kowa ke kawo wa kukansa a makarantar nan, ba zan tambayi kowa ba sai ke. Kin san zai dasa kafin ya dasa, ko ba ki sani ba?"

Mika yana girgiza mata kai daga bayan malamin. Farcen Chioma ya nutse a hannunta.

Keziah ta zare hannunta daga na Chioma, ta ce, "Na sani, Malam, ni na faɗa masa gefen."